Ni Na Kai Rabi Gidan Gwaggo

A watan nan aminiyata Rabi'atu ta cika shekara shida da rasuwa. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba, domin duk sanda na ɗauki biro sai in tuna cewa ni na kama hannunta na kai ta wurin wadda ta sayar da ita.

Tare muka yi sakandare a Jangebe. Ni na zama malamar firamare a Talata Mafara, ita ta yi aure a wani ƙauye kusa da Gidan Goga. Da 'yan bindiga suka kashe mijinta, ta dawo Mafara da 'ya'ya biyu, tana soya awara a bakin tasha. Duk da haka ba ta daina barkwanci ba. Idan ta kwaikwayi cinikin 'yan kabu-kabu sai cikinka ya ƙulle don dariya.

Gwaggo Asabe ƙanwar mahaifina ce, a ɗakinta aka yaye ni. Tana zaune a Bakura, tana kai atamfa da turare Nijar. Ita ta ce mini tana neman mace mai natsuwa da za ta yi girki a gidan wani attajiri a Agadas. Ranar da muka je, ta zuba mana fura da hannunta, ta dubi Rabi ta ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Aminiyar Hadiza ai ba baƙuwa ba ce a wurina." Na koma gida ina ganin na yi aikin lada.

Shekara guda da wata biyu ba mu ji muryar Rabi ba. Kullum na tambaya, Gwaggo ta ce tana gaishe mu, waya ce ba ta shiga a can. Ashe ba a tsaya Agadas ba. An wuce da ita Libya, an karɓe wayarta, an kulle ta a wani gida da wasu mata, maza suna shigowa. Da Allah ya kuɓutar da ita aka maido su, da ƙyar na gane ta. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Hadiza, babu girki. Kin gane? Babu girki."

Da ƙafarta ta je Gusau ta kai ƙara wurin jami'an da ke yaƙi da safarar mutane. Daga nan na fara sanin mutanenmu. Surukanta suka zo suka kwashe yaran, wai ta jawo musu abin kunya. Namu kuma suka tara ni a zaure, babban baffana ya ce, "Wagga magana ta gida ce. In kin ba da shaida a kan gwaggonki, ki nemi wasu dangi." A duk zaman nan babu wanda ya tambayi yadda Rabi ta kwana.

A kotu, Gwaggo ta rantse ba ta taɓa ganin Rabi ba. Ina zaune ina kallonta, ko idonta bai ƙifta ba. Lauyanta ya tambayi Rabi ko ɗaure ta aka yi aka sa a mota. Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe, da kaina na shiga. Amana ce ta ɗaure ni." Ni ma na tashi na faɗi abin da na gani. Alƙali ya yanke wa Gwaggo ɗauri. Wata bakwai bayan hukuncin, ciwon da Rabi ta dawo da shi ya tafi da ita. Masu zaman makoki ba su cika tabarma biyu ba.

Bara Gwaggo ta fito. Aka dafa shinkafa a Bakura, mata suka yi ta zuwa barka, ana cewa jarrabawa ce Allah ya ɗora wa baiwarsa. Ban san me Rabi za ta ce ba da ta ga wannan. Ban san kuma me za ta ce ba da ta ga matan da suka gudo daga ƙauyukan Maradun sun ninka na lokacinta, ga masu yi musu tayin aiki a ƙasar waje, yanzu ma ta waya. Ina jin za ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba su labarinta, domin ita ba ta taɓa ɗaukar kunyar a matsayin tata ba.

Rabi ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne maganar da ta faɗa gaban alƙali, aka rubuta. A hutun da ya wuce, 'yarta Nafisa, wadda yanzu take aji uku a sakandare, ta zo wurina. A gidan kakanninta an gaya mata uwarta yawon banza ta tafi. Na ɗauko kwafin hukuncin, muka zauna na fassara mata shafi bayan shafi. Da muka gama ta ce, "Anti, ashe Inna ba ta yi ƙarya ba."

Na ce mata ko sau ɗaya. Ta naɗe takardun a cikin hijabinta, ta ce za ta karanta wa kakanta da bakinta. Allah ya jiƙan Rabi, ya ba ta hakkinta a kan kowa, har da ni.