Kunkuru, Mai Duba Titin Jirgi

A filin jirgin saman nan ba wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Kunkuru ake ce masa, tun daga masu shara har manaja, saboda yadda yake jan mota. Aikinsa shi ne duba titin da jirage suke sauka a kai. Sau huɗu a yini yakan shiga farar a-kori-kura mai fitila a ka, ya nemi izinin masu hasumiyar kula da jirage ta oba-oba, wato rediyon hannu, sannan ya bi titin daga wannan kai zuwa wancan. Abokan aikinsa a minti shida suke gama zagayen. Shi kuwa sai ya ci goma sha biyar, kansa a waje ta taga, yana tsayawa yana tsintar noti, ko guntuwar waya, ko tsakuwa.

"Kunkuru," in ji masu hasumiya, "in Allah ya kai ka ƙarshen titin, ka gaida mana jikokinmu."

"Za su ji," yakan ce, ya ci gaba da tafiyarsa.

Da yankan ciyawa ya fara, yana ɗan shekara ashirin da biyu. Daga nan aka mai da shi korar tsuntsaye, ya yi shekara bakwai yana faɗa da balbelu da shamuwa, har ya san lokacin zuwan kowannensu. Da ya koyi tuƙi, aka ga ba ya raina ƙaramin abu, sai aka ba shi motar. Halin ya bi shi har gida. Matarsa tela ce, kuma ba ranar da zai dawo bai tsinci allura a tsakar gida ba.

"Maigida, nan dai jirgi ba zai sauka ba," takan ce.

"Amma ƙafar yaranki za ta sauka."

Abin da ya canza masa rayuwa ya faru ne da la'asar, a tsakiyar damina. Ya gama zagayensa ana yayyafi, ya gaya wa hasumiya titi a jiƙe yake kawai, ya je ya fake a rumfar 'yan kwana-kwana. Bai daɗe da zama ba sama ta ɓalle. Cikin wannan ruwa ya hango fitilun wani jirgin fasinja yana gangarowa. Shekarun da ya yi a wurin sun sa ya san inda tayar jirgi ta saba taɓa ƙasa, kuma wannan ya wuce wurin da nisa kafin ya dira. Ruwa ya yi feshi ta kowane gefe, jirgin bai rage gudu ba. Kunkuru yana tsaye, baki buɗe, har jirgin ya cinye titin, ya faɗa cikin taɓo, tayar gaba ta karye, hancinsa ya kife.

Bai san sa'ad da ya bi 'yan kwana-kwana da gudu ba. Mutane na ta sulalowa ta ƙofofin gaggawa, wasu na salati, wasu na kuka. Wata dattijuwa ba takalmi ta damƙe masa riga.

"Ɗana, mun mutu ne?"

"A'a, Inna, kin iso. Zo mu je."

Ya goya ta har motar asibiti. Mutum ɗari da ashirin ne a jirgin. Goma sha ɗaya suka ji ciwo, ba wanda ya rasu.

Kafin gari ya waye magana ta gama gari: matuƙi ne, bai iya ba. A ofis ma haka aka yi ta faɗa, kowa da ɗan sauƙi a fuskarsa. Kunkuru ne kaɗai bai sami wannan sauƙin ba. Ya san magudanar ruwan da ke gefen hagu ta toshe tun farkon damina. Ya gaya wa shugaban sashensu sau biyu da baki, sau ɗaya a rubuce, da ya ga ba a motsa ba sai shi ma ya ja bakinsa. Ya kuma san baƙar robar da tayoyi suke bari a kan titin ta yi kauri, in ta sha ruwa santsi take kamar sabulu.

A kwana na uku matarsa ta tsayar da keken ɗinkinta ta dube shi.

"Wai me ke cin ka ne?"

Ya kwashe duka ya gaya mata.

"To, ka faɗa wa masu bincike mana."

"In na faɗa ni ma ina ciki. Ni na ce wa hasumiya titi a jiƙe yake kawai, kuma da ruwan ya tsananta ban koma na duba ba."

"Ai kana ciki ɗin," ta ce. "Amma gobe ma jirgi zai sauka a wurin, ko ba haka ba? Da mutane a ciki." Ta mai da ƙafarta kan keken.

Masu bincike suka zo, shugabarsu wata injiniya ce gajeriya, sanye da takalmin roba har gwiwa. Kafin a fara kiran mutane, shugaban sashe ya zaga yana cewa a hankali, "Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, ban da ƙari." Da aka zo kan Kunkuru, Injiniya ba ta zaunar da shi a ofis ba.

"Malam, an ce kai ka fi kowa sanin titin nan. Ɗauke ni a motarka."

Suna cikin tafiya ta ce, "Ɗan rage gudu." Ya waiwayo ya kalle ta. Tunda yake, ba a taɓa ce masa haka ba.

Ya kai ta bakin magudanar, ya tura sanda, sandar ta fito da laka da ledoji. Ya kai ta inda robar ta yi baƙi ƙirin. Ta zuba ruwan gorarta a kai, ta murza takalminta, saura kaɗan ta zame, ya tare ta. Sannan ya faɗi nasa.

"Ranki ya daɗe, ni ma da laifina."

Ta rubuta, ba ta ɗago ba. "Akwai dokar da ta ce ka koma in ruwa ya ƙaru?"

"Babu."

"To shi ma abin rubutawa ne. Ka ga, Malam, ni ba wanda za a kora na zo nema ba. Da wuya abu ɗaya ya fitar da jirgi daga titi. Ƙananan abubuwa ne suke haɗuwa a rana ɗaya, kowa da nasa. In aka ɗora wa mutum ɗaya, sauran suna nan suna jiran jirgi na gaba."

Wata takwas rahoton ya ɗauka. A cikin watannin shugaban sashe ko gaisuwar Kunkuru ba ya amsawa, wasu kuma suna yi masa kallon mai tona asiri. Da rahoton ya fito, ya ce iska ta juya ta koma bayan jirgin daf da sauka, kuma labarin bai isa ga matuƙi da wuri ba. Matuƙin, da ya ga ya wuce wurin dira, kamata ya yi ya sake tashi ya zagayo. Ruwa ya kwanta saboda toshewar magudana, roba kuma ta hana birki kamawa. Ba a kori kowa ba. An yashe magudanar a mako ɗaya, injin wanke robar kuwa sai da aka shekara kafin ya iso. Aka kafa doka: duk sa'ad da ruwa ya ƙaru a koma a auna zurfinsa, kuma mai dubawa yana da ikon cewa a dakata.

Damina biyu bayan haka ranar gwada dokar ta zo. Da hantsi aka tsuge da ruwa, Kunkuru ya fita, ya durƙusa a tsakiyar titi ya kafa ma'auninsa. Ruwa ya haura layin da doka ta ƙayyade.

"Hasumiya, a dakata da sauka."

"Kunkuru, jirgi saura minti takwas ya iso fa."

"Ya jira."

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, manaja ne. Amma bai janye maganarsa ba. Duk minti biyar sai ya sake durƙusawa ya auna, rigarsa ta manne da jikinsa. Jirgin ya yi minti ashirin da biyar yana shawagi kafin ruwan ya janye, ya ce a sauko. Ya sauka lafiya lau. Fasinjoji suka fito suna mita an ɓata musu lokaci. Kunkuru yana matse hularsa sai oba-oba ta yi ƙara.

"Kunkuru, matuƙi ya ce a gaya wa wanda ya auna ruwan ya gode."

"A ce masa ba komai," ya ce, ya share fuska, ko da yake ba ruwan sama kaɗai ne a kanta ba.

Yanzu saura masa shekara guda ya ajiye aiki, amma ya samo wata rigimar. Akwai wani kwazazzabo can bayan ƙarshen titin, wanda ya ce in jirgi ya sake zarcewa nan zai afka. Kowane farkon wata sai ya kai takardar neman a cike shi ofishin manaja, ya tsaya sai an buga mata hatimi, ya karɓi kwafinsa. Manaja har ya daina tambayar abin da ke ciki.

Ran Talatar da ta wuce, yana zagayen safe, ya hango tifa uku cike da ƙasa a bakin ƙofar baya, direbobin sun fito suna waige-waige, ba su san inda za su juye ba. Ya kira hasumiya ya ce zai ɗan fita daga titi. Ya je ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga gaba, ya ce su biyo shi.