Geron da Gwaggo Ba Ta Ci Ba

Shekarun baya, lokacin da Shari'a take sabuwa a Zamfara, kowa ya tashi da fidda zakka, har da ni. Ina sayar da hatsi a kasuwar Ƙaura Namoda, na tsayar da gemu, ina ji da kaina sai ka ce limamin Juma'a. Da kaka ta yi, na ɗaure buhun gero a babur na kai wa gwaggona a Banga. Yayar mahaifina ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, ita kaɗai a gida. Sai da na tsaya bakin masallaci na gaisa da kowa, don dai a ga buhun.

Duk sanda na leƙa sai in ce, "Gwaggo, akwai abinci?"

Ta ce, "Akwai, ɗana. Ga buhunka nan, Allah shi yi ma albarka."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ina ganin tana ramewa, na ce tsufa ne. Ina ganin yatsunta sun ƙandare, buta ma da ƙyar take ɗauka, amma ban taɓa tuna taɓarya ba. Ni da ake ajiye min tuwo a gabana, a wurina gero shi ne abinci.

Ranar da ta faɗi muka kai ta asibiti, likita ya ce, "Alhaji, me take ci?"

Na ce, "Haba likita, buhu guda na kai mata!"

Maƙwabciyarta, ita ma tsohuwa, ta ce, "Jiƙa shi take yi ta sha ruwan. Hannun daka babu, haƙorin tauna babu. Ita ta hana ni faɗi, wai ka riga ka yi ƙoƙari."

Kwana huɗu ta rasu.

Ranar sadakar uku matan danginmu suka cika gidan, har da matata. Aka aro turmi biyu, aka ɗaga nata da ke kife, zanzaro har ya yi gida a ciki. Kafin azahar sun dake geron nan tas, aka yi gumba aka raba. Ashe akwai hannuwa a danginmu!

Wallahi har yau abin na ci min rai. Tsoho ba buhu yake buƙata ba, kwanon dafaffen abinci yake buƙata kullum, da wanda zai zauna ya ga ya ci. Ranar sadakar nan an miƙo min gumbata, mai laushi, ko marar haƙori zai iya ci. Tun daga nan ban sake sa gumba a bakina ba.