Ƙashin Jaki a Wuyana

Ko zan manta komai na yarintata, wallahi ranar nan ba ta fita raina. A shekarun babban yaƙin Turawa ne, muna zaune a unguwar Treichville, a ƙasar da Faransanci ne harshen hukuma, babanmu yana fawa a kasuwar Adjamé. Ya sa ni a lakwal, wato makarantar boko, daga baya aka kawo ƙanena, autanmu, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba.

A lakwal ɗin akwai wani ƙashin jaki da aka ɗaura wa igiya, ana ce masa sambol. Duk yaron da aka ji ya yi yarensu, a wuya za a rataya masa. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani, wanda kuwa aka tashi da shi a wuyansa, jikinsa zai gaya masa. Aboki ya koma ɗan leƙen asiri, kowa yana tsoron bakinsa.

Ran nan ana hutun tara, Auta ya hau bishiyar mangwaro a bayan aji. Ina ɗaga kai sai na hango koren maciji a reshen da yake shirin kamawa. Innalillahi! Ba ni kaɗai na gani ba, yara sun taru suna nuni da yatsa, amma ba mai cewa uffan. Mai Faransancin bai san sunan abin ba, mai yarensu kuwa yana tsoron sambol. Yaron da ke ɗauke da ƙashin ya matso kusa da ni. Ba bishiyar yake kallo ba, bakina yake kallo.

Na ƙwalla ihu da Hausa: "Auta, maciji! Saki reshen, faɗo!"

Ya saki, ya faɗo tim, ya gurɗe ƙafa. Kafin in kai gare shi na ji igiya a wuyana.

Da malaminmu, wanda muke kira mushe da Faransanci, ya fito, na ɗauka zai ce an yafe. Ina! Ya saurari komai, ya dafa kan yaron da ya kama ni, ya ce masa ya yi daidai. Ni kuwa ya ce doka doka ce, na sha bulala a gaban aji, Auta yana jan ƙafa yana kuka, yana toshe bakinsa da hannu don kada kukan ya fito da Hausa.

Yau da na tsufa, ba macijin ne ke tayar mini da tsigar jiki ba, shirun yaran nan ne. Ba a taɓa rubuta shi a allo ba, amma shi muka fi iyawa. Na koyi cewa malami yana koyarwa da abin da ya yaba da abin da ya hukunta fiye da abin da ya faɗa. Namu ya zo koya mana Faransanci, ya koya mana mu ga mutuwa na nufar yaro mu yi shiru, kuma wannan ma Allah zai tambaye shi.