Kurar kayan aikina da fatar saniyar Goggo

Shekarun baya, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa kuma fari ya sake dawo mana, na komo Tasawa daga Maraɗi da difilom ɗin kafinta a hannu. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Na kafa wurin aiki a cikin gidanmu, ƙarƙashin wata rumfar kara da marigayi mahaifina ya bari. Kireyo, wato fensir, ba ya barin bayan kunnena ko da masallaci za ni. In mutum ya ce in yi masa benci, sai na zana masa a takarda, na jefa masa Faransanci biyu uku, sannan in ɗauki zarto. Allah ya yafe mana ƙuruciya.

Damina ta zo ta wuce ba ta bar komai ba. Gero ya kai iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mai neman abin da zai sa a tukunya ba ya zancen kujera, don haka aiki ya ɗauke ƙaf. Rumfar ma ba ta tsira ba. Kaɗan-kaɗan mahaifiyata ta riƙa zare karan tana daddatsa wa awakinta, har ran nan na ɗaga kai na ga sama fayau. Daga nan na koma bin inuwa. Da safe gindin katangar gabas, da rana ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida, da la'asar katangar yamma. Kowace ƙaura sai na yi sawu biyar ina kwasar kaya, kuma kullum sai wani abu ya ɓace cikin rairayi.

A lokacin ne Goggo ta sauka gidanmu. Bafillatana ce daga wajen Urafan. Duk rani in sun sauko da shanu kusa da gari ita ke kawo wa mahaifiyata nono da man shanu, har suka zama kamar 'yan uwa. A shekarar nan garkensu ya ƙare. Ɗanta ya kora 'yan ukun da suka rage ya yi kudu, ya bar ta wajenmu don ƙafarta ba za ta kai ba. Ta zo da ƙwarya biyu, da tabarma, da wata fatar saniya a naɗe wadda ba ta yarda kowa ya taɓa. Fatar jikar saniyar da mahaifinta ya ba ta ce, ita ce ta ƙarshe da ta faɗi a nata rabon.

Goggo ba ta cin abinci. In aka kai mata tuwon jar dawar nan ta taimako, sai ta yi loma biyu ta rufe ta ce ta ƙoshi. Mahaifiyata ta yi faɗa, ta yi lallashi, duk a banza. Matar da ta saba bayarwa, yau ita ake miƙa wa. Muna kallo tana ramewa, ba yadda muka iya.

Wata ranar kasuwa sai ga abokina. Tare muka yi makarantar lakwal, Kirista ne, yana noma a wani ƙauye kan hanyar Hawandawaki. Ya ce gara ta cinye bencinan majami'arsu da ƙyauren ƙofa, sun samo katako, kafinta kawai suke nema, kuma da hatsi za su biya, wanda jama'a suka haɗa tiya-tiya. Hatsi, a shekarar nan! Na ce ina zuwa ko da rarrafe ne. Ya ce matsalar ita ce kayan aikina, don jakinsa ya rame, ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi, kuma mota ba ta shiga garinsu. Nan take na ce ya ba ni kwana bakwai zan ƙera kura mai taya wadda za ta ɗauke kayana duka. Na ga na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan: ta raka ni ƙauye, ta kuma raka ni bin inuwa a gida.

Na samo tayoyin wata matacciyar mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, wajen mai gyara. Na zana kura doguwa kamar kabad, mai akwatunan ja guda huɗu, na sa tayoyin can baya. Kwana uku ina fama. Da na gama na zuba komai a ciki, su zarto da marto, wato guduma, da gizago da magagari da dutsen washi, na ɗora babban matsin ƙarfe na riƙe katako a can sama don ya fi kyan gani. Na kira mahaifiyata ta zo ta ga aikin mai difilom.

Taku huɗu na yi. Taya ɗaya ta nutse cikin rairayi, kurar ta yi tangal-tangal ta kife. Akwatunan suka zazzago, ƙusoshi suka watsu, awaki suka tsere. Mahaifiyata ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa.

Goggo na zaune bakin ɗaki. Ban taɓa jin ta sa baki a zancen kowa ba, sai ran nan.

"Ɗana," in ji ta, "wanga sa naka ba ya kai ka ko'ina. A hanya zai mutu."

Na ce, "Goggo, ba sa ba ne, kura ce. Akwai lissafi a ciki."

Ta ce, "To."

Washegari na sake gwadawa. Wannan karon na kai ƙofar gida kafin ta kife, bakin gizago ya tsage. Saura kwana uku kafin abokina ya dawo. Na zauna a ƙasa ina tsintar ƙusa cikin rairayi, sai mahaifiyata ta wuce ta kusa da ni, ta ce a hankali, "Matar nan tun tana budurwa take ɗaura gida sukutum a bayan takarkari, su yi tafiyar wata guda ko ludayi bai faɗi ba. Girman kai rawanin tsiya."

Na tashi na je na durƙusa gaban Goggo. Na ce ta duba mini wannan sa nawa.

Ta ce in shimfiɗa tabarma in baje kayan duka. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, kuma ba ta tambaya ba. Sai ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya, wannan a hannun dama, wancan a hagu, ta lumshe ido tana jijjiga su. Ta ajiye marto da magagari gefe guda, ta sa gizago ɗaya gefen. Ta ɗaga, ta canza, ta ƙara awartaki a nan, ta cire a can. Da ta gama ga tsibi biyu. Daga baya na kai su ga sikelin mai awo na kasuwa don in ƙure ta. Allurar kusan wuri ɗaya ta tsaya.

Sai tambayoyi. "In ka tashi aiki, mi kake fara ɗauka?" Na nuna. "Wane ne hannunka ke komawa gare shi kullum?" Na nuna. "Wane ne ke wuni ba ka taɓa ba?" Na nuna matsin ƙarfen da dutsen washi.

"To su ne ƙasa. Mai nauyi kusa da cikin sa yake kwana. Kai ka ɗora shi bisa tozo, ina zai tsaya?"

Ta sa na yanke rabin tsawon kurar. Zuciyata na zafi na sa zarto a aikin kwana uku. Akwatunan ja ta ce in fitar da su, wai abin da ke kuka a hanya ciwo yake ji, kuma ƙarfe in yana bugun ƙarfe baki yake ci. Sannan ta yi abin da har yau nake tunawa. Ta aika na ɗauko taɓarya, ta sa na kwantar da ita a ƙasa, muka ɗora kurar da kayan a kai ba taya. Ta ce in riƙa turawa sannu-sannu. Na tura, na tura, har kurar ta tsaya a kan taɓaryar, gaba bai taɓa ƙasa ba, baya bai taɓa ba. Goggo ta lashi yatsa ta shafa a katakon.

"Nan ƙafafunsa suke."

Malaminmu a Maraɗi ya taɓa cika allo da lissafin wannan wurin, da suna mai tsawo na Faransanci, na kwafa na ci jarrabawa ban gane komai ba. Ga shi tsohuwa ta nuna mini da taɓarya.

Tayoyin kuma ta dube su ta girgiza kai. Ta ce ƙafar barewa gare su, ni kuwa ƙafar raƙumi nake bukata. Wannan kam na gane. Na samo tsohuwar tayar kamiyo, babbar motar kaya, na yanko faffaɗan bakinta na naɗe kowace taya da shi. Aƙalla nan na tsinana wani abu.

Saura yadda kayan za su zauna ba akwati. Na ce zan buga ƙusoshi in rataye su. Goggo ta tashi. Ta shiga ɗaki ta fito da fatar nan.

Mahaifiyata ta miƙe. "A'a, Goggo. Wallahi ba a yi haka ba. Ita kaɗai ta rage miki."

Goggo ta shimfiɗa fatar tana shafa ta. Ja ce, da farin tabo a wajen kafaɗa. Ta ce, "Da ranta ba ta taɓa kwana ba ta ciyar da wani ba. Wata uku ke nan tana kwance a ɗaki kamar ni. Bari ta tashi ta yi aiki."

Muka jiƙa fatar a ruwan da na yi rabin wuni a layin rijiya kafin in samu. Da ta yi laushi, Goggo ta karɓi wuƙata ta wasa ta da kanta, ta fara yanka daga gefe tana zagayawa. Ba ta auna ba, ba ta zana ba. Wuƙar na tafiya, igiya na fita, faɗin yatsa biyu, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, kuma ba ta tsinke ba ko sau ɗaya. Tana yi tana wata 'yar waƙa da Fillanci can ƙasa-ƙasa. Igiyar ta taru a gabanta tsibi guda. Ni da ke taƙama da mitar awo na tsaya baki buɗe, har mahaifiyata ta ce in rufe kar ƙuda ya shiga.

Na huda ramuka a jikin katakon inda ta nuna, ita kuma ta riƙa zura igiyar tana ɗaurewa. Kowane ƙarfe ta yi masa gidansa daidai jikinsa. Zarto ta yi masa kube da abin da ya rage na tsakiyar fatar, ƙusoshi ta ɗinka musu 'yar jaka. Muka bar kurar a rana wuni guda. Da fatar ta bushe sai ta ɗame, ta kama katakon kamar tare aka halicce su.

Ran da za a gwada, Goggo ta ciko ƙwaryarta da ruwa ta ɗora a kai. Ta ce in tura har ƙofar gida in dawo. Na kama hannun kurar da ƙarfi kamar yadda na saba, sai na ji ta taso kamar ba komai a ciki. Na tura. Ba ƙara, ba tangaɗi. Na je na dawo, ruwan na rawa a ƙwarya amma bai zuba ba. Goggo ta ɗauke ƙwaryar ta kai wa awaki, ta koma ta zauna. Da aka kawo tuwo ran nan, ta cinye nata tas, har ta ce wa mahaifiyata miyar ta yi gishiri. Mahaifiyata ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

Da sassafe muka kama hanya da abokina, jakinsa na biye da mu da 'yar salkar ruwa. A bakin gari akwai shingen jandarmomi, don lokacin ana tsananta bincike kan masu fitar da hatsi da man fetur. Wani jandarma ya tsayar da mu, ya ce mi ke ciki. Na ce kayan kafinta. Ya kama kurar ya girgiza da ƙarfi. Shiru. Ya ce ƙarya nake, ƙarfe ba ya shiru. Na ɗage buhun da na rufa. Ya daɗe yana kallo. Ya zaro marto ya mayar, ya ji yadda ya zauna, ya sake zarowa ya mayar. Ya kira ɗan uwansa ya zo ya gani.

"Qui a fait ça?" in ji shi. Wa ya yi wannan?

Na buɗe baki, kuma Allah ya sani "ni" ce ta taso. Abokina ya yi gyaran murya. Na ce, "Wata tsohuwa ce a gidanmu, Bafillatana."

Jandarman ya ce, "To ka riƙe ta da kyau." Ya ɗaga mana sanda.

Wuni muka yi muna tafiya cikin rairayi, muna karɓa-karɓa, ba ta kife ba ko sau ɗaya. Na yi kwana tara a ƙauyen. Faston majami'ar da matarsa suka riƙe ni kamar ɗansu, har wurin salla suka share mini a bayan ɗaki. Na dawo da hatsin da ya riƙe gidanmu har ya kusa kai mu damina, kuma daga wannan tafiyar wasu ƙauyuka suka fara aikowa a kira mai kura.

Da ruwa ya sauka shekara ta gaba, ɗan Goggo ya dawo da saniya biyu da maraƙi, ya tafi da ita. Sau biyu ta ƙara zuwa gidanmu. Daga baya muka ji rasuwarta a wajen Mayahi. Allah ya jiƙanta da rahama.

Na yi shekara arba'in ina wannan sana'a, na koya wa mutane da yawa, kuma abin da nake fara gaya musu shi ne su dubi wanda ke zaune shiru a gefe kafin su ce ba wanda ya iya. Ilimi na nan a hannun mutanen da ba wanda ya taɓa tambaya, wasu kuma da shi ake binne su. Ni kaina kwana uku kawai na samu, kuma rabinsu na ɓata wajen mamaki.

Bayan shekara goma sha wani abu, ɗauri ɗaya ya gaji ya saki, na wajen magagari. Na ce bari in kwance na kusa da shi a hankali in ga yadda ta bi da igiyar, sai in mayar da duka biyun. Na kwance. Na wuni a kai, na jiƙa, na juya, na kira wani dattijo mai saƙar igiya ya gwada. Bai ɗauru ba. Ƙusa na buga a wurin, guda biyu, ina bugawa ina jin kunya.