Ramukan da Na Tarar a Kufan Su Inna

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata. Duk lokacin da ruwan tafkin Kainji ya ja baya sai ta faɗo mini a rai, domin a irin wannan lokaci ne takan shiga jirgin ruwa daga Yelwa zuwa kufan garinsu, can wajen Ngaski.

Tana budurwa aka tashe su daga garin, aka ce ruwan madatsa zai ci shi. Ruwan ya ci kasuwa da unguwar masunta, amma bai hau tudun da gidansu da makabarta suke ba. Har ta koma ga Allah ba ta yarda ruwa kaɗai ya tashe su ba. Mu 'ya'yanta dariya muke yi mata, muna cewa Inna ta cika zargi.

Sau ɗaya na bi ta, ina yarinya. Ta nuna mini rijiyar da ta rufta, da guntun bangon masallaci, da dutsen niƙan mahaifiyarta yana nan inda aka bar shi. Sannan ta tsaya daga bakin makabarta ta yi wa iyayenta addu'a, ta sa mai jirgi ya gyara duwatsun da damina ta ture.

Bayan rasuwarta babu wanda ya sake zuwa. Sai bara na roƙi ƙanenta, Kawu Garba, ya raka ni. Ya yi ta ja mini rai: yau injin jirgi ya lalace, gobe hanya babu tsaro. Da na ce to zan tafi ni kaɗai, sai ya yarda.

Bangon masallacin yana nan, dutsen niƙan ma haka. Amma bayan masallacin ramuka muka tarar, jar ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba. Wasu mutane suka fito daga gindin kuka. Babbansu ya ce, "Masunta ne mu, Hajiya." Ban ga komar kamun kifi ba, ban ji ƙarnin kifi ba, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Yauri ya san ramin masu neman zinariya. Ɗaya daga cikin ramukan ya kusa cin kabarin kakana, an kwashe duwatsunsa an tara a gefe.

Sai mutumin ya juya ya ce, "Baba Garba, ashe yau kana tafe?"

A jirgi na tambayi Kawu inda ya san su. Ya ce, "Ɗiyata, wa bai san sunana ba a bakin ruwan ga?" Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ban ga an ba shi komai ba, ban ji an ƙulla komai ba. Na dai san tsofaffin da suka iya hanyar tudun nan ta cikin ciyawar ruwa sun kusa ƙarewa.

Muka kai maganar wurin mai garin sabon matsugunin da aka mayar da mutanen garin su Inna, daga baya aka ce an kori masu haƙar. Ƙannena maza suka je suka mayar da duwatsun.

Nakan tambayi kaina abin da Inna za ta ce. Na tabbata ba za ta yi mamaki ba, kuma ba za ta yi hayaniya ba. Za ta gaishe da ƙanenta, ta zuba masa tuwo, sannan ta yi ta zuwa kufan har kowa ya san wurin yana da masu shi. Ba ni da hujjar cewa zarginta na dā gaskiya ne. Na dai daina dariya, kuma na gane zuwanta ne ya tsare kaburburan nan duk tsawon shekarun. Abin da ta bar mana ke nan. Allah ya jiƙanta.

Makon jiya Kawu ya aiko a ce mini kada mu je bana, wai igiyar ruwa ta yi ƙarfi. Na taka har bakin tashar jiragen ruwa na duba. Ruwan kwance yake lumui. Na ce wa mai jirgi ya jira mu ranar Asabar.