Kafson da na riƙa sayo wa Inna

Shekarun baya, tun ban yi aure ba, ni ce likitar gidanmu a Yelwa ta Yauri. Ba karatun likita na yi ba. Da na gama sakandare na yi wata bakwai ina taya wani maƙwabcinmu tsaron kemis, na haddace sunayen magunguna 'yan kaɗan, shi ke nan kai ya kumbura. Ko atishawa mutum ya yi a gidan sai na faɗa masa abin da zai sha.

Mahaifiyata bandar kifi take yi. Da sassafe takan je bakin ruwa ta tari masunta, ta dawo ta wanke, ta jera a kan ragar waya, ta wuni a gaban wuta. Ni ce autarta, don haka abin da take jin nauyin faɗa wa yayyena, ni takan faɗa wa.

Wata rana muna gyaran tarwaɗa, ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, wani abu na damuna. Ƙaiƙayi, can ƙasa, har da wani farin abu kamar kindirmo. Kar ki gaya ma kowa."

Na ce, "Inna, mu je asibiti mana."

Ta ce, "In kwanta sa'an ɗana ya duba ni? Allah shi kiyaye."

Ban ja da ita ba. In faɗi gaskiya, daɗi ma na ji, aiki ya zo hannun gwana. Na je kemis na sayo kafson fulukonazol, wanda ake haɗiya ɗaya tak, na haɗo da man shafawa. Kwana uku ta kira ni ɗaki ta ce, "Allah shi yi miki albarka, kamar an cire min ƙaya." Ranar ko tafiyata sai da ta canza.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki abin ya dawo. Na sake sayowa, ya sake tafiya. Har muka yi masa suna. Sai ta ce, "Auta, baƙon nan ya dawo," ni kuma in ɗauki mayafi. Daga baya jan ƙurji mai ƙaiƙayi ya fito mata a ƙarƙashin mama da tsakanin yatsun ƙafa. Na ce gumi ne, na ƙaro man shafawa. Haka muka yi shekara ɗaya da rabi.

Akwai abubuwan da na gani da idona a tsawon lokacin nan. Kofi ba ya barin hannunta, kafin azahar ta kusa ƙarar da ruwan randa. Buta kuma kullum tana hanyar bayi. Zanenta ya fara yi mata yawa a ƙugu. Takan murza ido ta ce tana ganin hazo-hazo. Kowanne mun samo masa dalili: ƙishirwa zafin Yauri ne da na wuta, rama wahala ce, ido kuwa hayaƙi ne.

Ranar da asiri ya tonu, tana tsaye tana juya kifi, ni ina shara, sai na ji wani ƙauri da ba na kifi ba. Na duba ƙasa, ashe garwashi ta taka, ya cinye silifas ɗinta ya kama tafin ƙafa. Na yi ihu na janye ta. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Mi ya faru?" Ko kaɗan ba ta ji ba.

Yayana ya zo muka ɗauke ta zuwa asibiti. Likitar da ta duba ta mace ce, ta ma kusa sa'ar Inna. Ta wanke ƙunar, ta yi tambayoyi, ta sa aka huda yatsa aka ɗauki jini. Da ta ga sakamakon sai ta ajiye biro ta ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jiki. Ta tambaya ko Inna na fama da ƙaiƙayi mai yawan dawowa. Inna ta sunkuyar da kai. Ni na amsa, na faɗi sunan maganin.

"Sau nawa ta sha?"

Na fara ƙirgawa da yatsu, hannu biyu suka ƙare ban gama ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce maganin mai kyau ne, aikinsa ya yi. Wadda abin ya kama sau ɗaya, sau da yawa kafso ɗaya ya ishe ta. Amma in ya yi ta dawowa, ba ƙarin kafso ake nema ba, dalili ake nema, domin ƙwayar da ke kawo shi tana son jikin da sukari ya yi yawa. Ta ƙara da cewa yawan shansa ba da sanin likita ba na iya taɓa hanta, ba ya jituwa da wasu magunguna, har da wasu na sukarin, mai ciki kuma ba ta sha sai da izini. Duk wata bakwai ɗin da na yi a kemis, ko ɗaya ban sani ba.

Ƙafar ta ɗauki wata biyar kafin ta rufe. Da aka daidaita sukarin, ƙaiƙayin ya tafi bai sake dawowa ba. Ido ne bai dawo ba. Muka je Sakkwato, aka ce na hagu ya riga ya tafi, na dama za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage. Dole ta bar banda. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma zaman tabarma, tana tambayar masu shigowa ko ruwa ya cika bana, ko an samu kifi a garin Wara. Shekara huɗu ta yi a haka, Allah ya karɓi abinsa.

Na san rai da lafiya na Allah ne. Na kuma san ba maganin ne ya makantar da ita ba. Amma jikinta ya yi ta kira, ni kuma duk wata ina zuwa in rufe masa baki, ina jin kaina gwana. Shi ya sa in wata ta raɗa mini irin wannan matsala yanzu, nakan tambaye ta ko karo na nawa ke nan. In ta ce ya saba zuwa, ba na faɗa mata sunan komai, sai dai in ce ta shirya in raka ta a gwada jini.

Sau da yawa na zauna kusa da Inna da niyyar neman gafara. Da na ce, "Inna, maganar maganin nan," sai ta ce in duba tukunya kar ta kama, ko ta ce kamar ana sallama a waje. Har ta rasu ba ta bar ni na ƙarasa maganar ba.