Malfar Ɗanjuma a Reshen Tsamiya

Da asuba, bayan an sallame salla, Ɗanjuma bai koma gida ba. Ya bi ta bayan gari zuwa tsamiyoyin da ke bakin tafkin Kalgo, inda matafiya daga Diggi ke sauke kaya, tsofaffi ke shimfiɗa buzu. Manomin shinkafa ne, magidanci, amma tun yana ƙarami an san shi da tsayawa kallon abin da kowa ke wucewa. A tsamiyoyin nan shamuwa ke yin sheƙa kowace shekara, ba kuma mai taɓa ta, don zuwanta ke nuna ruwa ya kusa. A tsakiyar daminar, iska ta jefo ɗan shamuwa ƙasa, fiffikensa ya karye. Ɗanjuma ya yi masa ɗori da tsinke da zare, ya cire malfarsa ya saƙala a reshe, ya sa shi a ciki. Yanzu kaka ta gabato, 'yan'uwansa na shirin tafiya, shi kuwa bai tashi ba. Wanda aka bari a baya ba ya ganin wata damina.

Da hantsi mahaifiyarsa Kubura ta iso da ƙwaryar furar sayarwa, ta zauna can nesa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zaman hira da shi. Duk abin da ta sani na tafkin nan, ta ji shi ne yana faɗa wa wasu: yadda zalɓe ke tsayawa har kifi ya manta da shi, yadda marai ke kwance sheƙar da matarsa ta ƙi, ya sake saƙa wata.

Isa masunci ya fito daga ruwa da komarsa. "Sarkin tsuntsaye, ya jikin ɗan naka?"

"Yau ya miƙe fiffiken duka biyu. Ba ni ƙananan kifin nan."

"Kai dai! Mutane na korar tsuntsu daga shinkafa, kai kana yi masa abinci. In ya girma sai ka nema masa mata."

"Kai za ka kai gaisuwar."

Kubura ta sunkuyar da kai don kada a ga murmushinta.

Da azahar guza ya fito shan rana, Ɗanjuma ya kore shi daga gindin tsamiyar. Da la'asar shamuwa suka tashi gaba ɗaya. Ba sa kaɗa fiffike, iska kawai ke ɗaga su suna kewaya, baƙin baya da farin ciki suna juyawa a rana, har na saman suka zama kamar ƙwayar gero. Masu sayen fura suka ɗaga kai sama. "Gwaji suke yi," in ji Ɗanjuma a hankali. "Tsarki ya tabbata ga wanda ya nuna musu hanya." Da almuru ya ce kansa na sarawa.

Shekarar ce murar nan mai kisa ta shiga ƙasa. Kafin kasuwa ta zagayo an binne Ɗanjuma.

Ba a ga hawayen Kubura ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Washegarin sadakar uku aka gan ta bakin tafki tana kama fara a cikin ciyawa. Isa ya ajiye mata kifi. Tsuntsun ya ƙi karɓa a hannunta, sai ta tuna ta taɓa jin an ce shamuwa ba ta son a kalle ta ido cikin ido. Ta kau da kai, abin da ta saba yi duk tsawon rayuwar ɗanta, ta miƙa hannu. Ta ji baki ya taɓa yatsunta.

Haka kullum, har safiyar da garken ya sake tashi, wannan karon bai sauko ba. Tsuntsun ya tsaya bakin malfar, ya faɗo kamar zai bugi ƙasa, ya shafi ruwa, sannan iska ta ɗauke shi. Fiffikensa na hagu ya ɗan karkace, da shi ta riƙa gane shi a cikinsu har idonta ya gaza.

"Inna, ya tafi," in ji Isa.

"Wancan ya iya ɗori," ta ce.

Aka raba kayan Ɗanjuma. Fartanya da lauje suka koma hannun ƙanensa Hassan, rigar sallarsa aka ba ladan, buzunsa kuwa Isa ya karɓa. Hassan ya zo zai sauko da malfar, Kubura ta ce a bar ta. Da bazara ta zagayo, shamuwa biyu suka ɗora kirare a kanta.